Kawu da Masu Jiran Tashin Duniya

Ranar da Kawu ya rasu na ga abin da ban taɓa gani ba a wajen makoki: dattawa masu furfura suna laluben abin da za su ce. Mutum zai cire takalmi ya durƙusa gaban Innata, ya ɗauko "Allah shi jiƙan...", sai ya tuna mamacin Kirista ne, sai maganar ta maƙale masa, ya juya ta zuwa "Allah shi ba ku haƙuri." Wasu ba su tsaya wani tunani ba, suka faɗe ta duka, suka ƙara da cewa Allah ne ya san bayinsa. Ladanin unguwarmu, wanda suka yi kiwon awaki tare da Kawu tun suna yara, shi ko ɗaya bai faɗa ba. Ya zauna bakin zaure ya rufe fuska da hannun riga, kafaɗunsa suna rawa. Da aka kawo masa fura ya ture ƙwaryar ya ce, "Da wa zan yi gardama yanzu?"

'Yan majami'a suna gefe guda suna waƙa a hankali, matanmu suna ɗaya gefen suna daka. Wata tsohuwar Bafulatana ta taho tun daga ruga da ƙwaryar nono a ka, ta ajiye gaban Inna, ta yi kuka mai isarta ta tafi. Amma duk wanda ya shigo, in ya gama gaisuwa, sai ya sunkuyo ya yi ƙasa da murya ya ce, "Ya zo?" Sai a girgiza kai. Ɗan Kawu namiji guda ɗaya ne tilo, kuma shi ne ba ya nan. An aika garin Agiye inda aka yi masa ganin ƙarshe, ba a dawo da labari ba.

Ni ɗiyar ƙanwarsa ce, Musulma kamar uwata, mai sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a kasuwar Cadakori. An san ni da baki, ban musa ba. Kawu kuwa "Uwata" yake ce mini, don sunan mahaifiyarsu aka sa mini. Tun yana saurayi ya tafi aiki wajen masu bishara, ya dawo Kirista. Inna ta ce kakanmu ya yi fushi har ya daina karɓar gaisuwarsa, daga baya ya sauko don kansa ya ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Haka muka taso muka tarar, da Sallah shi ke riƙe wa mahauci ƙafar ragonmu, da Kirsimati mu ke tuƙa musu tuwon shinkafa.

Gajere ne, mai zanen Gobirawa a kumatu, kuma ba ya zama hannu banza. Kullum yana tufka igiya. In ka kawo masa magana mai zafi sai ya ci gaba da murza rama a cinya, har ka ƙosa, sannan ya ɗago. Da la'asar su zauna da Ladan ƙarƙashin itacen bedin ƙofar gida su yi ta gardama kan Annabi Isa, wanda Kawu ke kira Almasihu. Duk ran da ta yi zafi Kawu ne ke kashe ta. Sai ya ce, "To, Malam, ku kuna jiransa, mu muna jiransa. Ran da ya zo sai shi raba mu. Miƙo mini goron nan."

Rigimarsa ta gaske da maigidana ya yi ta. Maigidana mutumin rediyo ne. Duk wanda ya hau mulki, a satin farko maigidana zai ce to, yanzu kam ƙasa ta samu mai ita. Lokacin da mulki ya sake hannu, ga 'yan bindiga sun fara tsallako iyaka suna kora shanu suna ɗaukar mutane, ya shigo gidan Kawu da rediyo a kunne yana cewa, "Kawu, mai ceton ƙasa ya zo!"

Kawu ya ajiye igiya. Ban cika ganin ya ajiye ta ba.

"Mai mi?"

"Mai ceto, Kawu."

"Cire masa wannan suna, ɗana. Ya fi ƙarfin wuyansa. Mutum ne, shina cin tuwo, shina ciwon ciki kamar ni da kai."

Maigidana ya hau, ya ce ai su Kawu dama ba a taɓa yi musu daidai ba. Kawu ma ya hau, ya ce shi duk Lahadi sai ya yi wa masu mulki addu'a a majami'a, wanda ya so da wanda bai so ba, maigidana sau nawa ya yi? Ya ce gwamnati katangar laka ce, ka sha inuwarta, in ta tsage ka taimaka a yaɓe, amma kada ka shimfiɗa tabarma a gindinta da damina ka ce ka samu wurin barci. Maigidana ya fita yana gunguni, ya ɗauki lokaci bai taka gidan ba. Ni kuwa na sha dariya har na gode Allah, don na daɗe ina neman mai gaya masa.

Amma kada a ɗauka gaba yake da hukuma. Shi ne ya sa babbar rigarsa ya bi maigari har ofishin perefe, wato shugaban gunduma, a Gidan Rumji suna roƙon a kawo sojoji. Da aka kawo su, shi ke aika musu da ruwan randa. Lokacin annobar nan da aka zo da allura, gari ya cika da surutu, namu Musulmi suna cewa za a hana haihuwa, nasu Kirista suna cewa alamar dabba ce ta ƙarshen zamani. Kawu ya je ya zauna gaban ma'aikacin lafiya ya naɗe hannun riga tun kafin a gama sauke kaya. Haka kuma da samari suka tashi za su hana Fulanin rugar kusa da mu shan rijiya, wai duk su ne 'yan leƙen asiri, Kawu bai yi wa kowa wa'azi ba. Ya ɗauki guga ya tsaya bakin rijiya yana ja wa matan ruwa, da tsufansa, har kunya ta kama samarin suka watse. Wannan ne dalilin kukan tsohuwar nan mai nono.

To, ɗansa. Shi taubashina ne, tunda uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, kuma kowa ya san tsakanin taubasai ba a fushi. Duk abin da na ga dama sai in gaya masa a gaban kowa, shi ma haka. Shi yana ce mini baiwarsa, ni ina ce masa raggo, alhali duk garin babu mai nomansa. In ya hango ni daga nesa zai ɗaga murya, "Baiwa, ƙulinki na jiya ya karya mini haƙori!" In ce, "Da bakin wa ka ci, tunda ba ka saya ba, matsiyaci?" Mutum ne mai dariya har da riƙe ciki.

Wata safiya yana gona da maƙwabcinsa, 'yan bindiga suka faɗo musu a kan babura. Suka kora shanun huɗarsa, maƙwabcin ya yi gardama suka harbe shi a gabansa. Shi ya riƙe kan mutumin a cinya har rai ya fita. Jandarma sun zo, ban ce ba su zo ba, amma sai da rana ta take. Suka yi tambayoyi suka tafi. Daga ranar dariyar taubashina ta ɗauke.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ana cikin haka wani mutum ya ɓullo daga kudancin iyaka, sanye da farare, da lasifika ɗaure a bayan babur. Faston majami'arsu ya hana shi tsayawa a ciki, sai ya koma bakin kasuwa. Ya ce shi ya wuce fasto, shi aka aiko ya tattara zaɓaɓɓu. Ya lissafa bindiga da annoba da tsadar hatsi ya ce alamu sun cika. Ya ce soja ba zai cece ku ba, perefe ba zai cece ku ba, kuma duk wanda ya karɓi allurar gwamnati an riga an buga masa alama. An nuna masa wani fili gabas da Gazawa inda wuta ba za ta taɓa ba, kuma kafin gero ya nuna Almasihu zai sauko. Wallahi mutumin ya iya magana. Ni da ba addinina ba, sai da na bar mai yana zuba ina saurarensa.

Ina gidan ranar da uba da ɗa suka yi ta. Taubashina ya tsaya tsakar gida ya ce zai kwashi matarsa da 'ya'yansa su bi mutumin, kuma Kawu shi ma ya tashi su tafi ko a wanke masa alamar.

Kawu ya shafa kumatunsa ya ce, "Alama ɗaya gare ni, ga ta nan. Kakanka ya sa wanzami ya yi mini." Sannan ya ce, "Ɗana, Littafinmu bai ba kowa ranar ba. Kuma wanda muke jira, in ya zo ba sai an yi shela da lasifika ba. In hadari ya taso gabas, wa ke bi gida-gida shina gaya wa mutane?"

"To wa zan bi, Baba? Gwamnatin taka da ta zo bayan jini ya bushe a rigata?"

Ban taɓa ganin an ƙure Kawu ba sai ranar. Daga baya ya ce mini, "Uwata, a nan ya fi ni gaskiya. Na iya gaya masa wanda ba za shi bi ba, amma ban iya cire masa abin da ya gani ba." Taubashina da iyalinsa suka tafi da bazara, ana ta gyaran gonaki.

Kawu bai tsine ba, bai kuma yi ta yawo da zancen ba. Ya ɗauki sungumi ya tafi gonar ɗan nasa ya yi mata binne, wato ya shuka gero a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba. Ladan ya ce masa, "Kai da gonarka ta isa ta kashe ka, ka ƙara da ta wani?" Ya ce, "In an tashi duniya ban yi asarar komai ba sai iri. In ba a tashi ba, jikokina za su dawo da yunwa."

Da ruwa ya zauna sai ya sa aka kira ni. Ya ce fasto ya je an hana shi shiga, shi kuma in ya je yaron zai ƙara taurare wuya. "Ke ce kaɗai za ki gaya masa abin da kika ga dama bai yi fushi ba. Ki je ki tsokane shi. Kada ki yi masa wa'azi, ba ki iya ba."

Na ce, "Kawu, zagi kam ai gadona ne."

Na bi mota har Agiye, na sake wata zuwa Gazawa, daga nan amalanken jaki. Ga abin da na tarar. Bukkokin zana da leda a fili, mutane sun rame, yara suna kwance ba wasa. Ko'ina ƙasa ta jiƙe, gonakin mutanen wurin sun yi kore shar, su kuwa suna zaune sun fuskanci gabas suna waƙa. Na hango taubashina a cikinsu, wuyansa ya yi tsawo. Zuciyata ta karye, amma na daure na riƙe ƙugu na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Kai raggo! Ashe gudun noma ya kawo ka nan? Ka bar tsoho da sungumi ka zo kana gadin sama, an ce maka sace ta za a yi?"

Wasu mata suka rufe baki suna dariya. Na jira ya ce baiwa. Na jira ya ce ƙulina ne ya kore shi daga gari. Sai ya taso a hankali ya tsaya nesa da ni ya ce, "Sannu da zuwa, 'yar'uwa. Allah shi buɗe idonki tun da sauran lokaci."

'Yar'uwa! Ni! Tun da aka haife mu bai taɓa kira na da mutunci ba. Na ƙara jefa masa wata, na ƙara, kamar ina jifa a rijiya marar ruwa. Na ajiye wa matarsa ƙuli da garin da na kawo, na juyo ina share hawaye da bakin zane.

Da na dawo Kawu bai tambaye ni ko sun rame ba, bai tambayi mi mutumin ke cewa ba. Ya ce, "Ya rama?"

Na ce, "Bai rama ba, Kawu."

Ya dubi igiyar da ke cinyarsa. Ya ce, "To, ya yi nisa."

Gero ya fitar da kai, ya nuna, aka yanke, aka ɗaure dammuna, sama tana nan inda take. Muka ji mai lasifikar nan ya ce an ɗaga ranar saboda ƙarancin bangaskiyarsu. Ramin ƙarya ƙurarre ne, wata safiya aka nemi shi da baburinsa aka rasa. Matar taubashina ta dawo da yara a bayan wata motar hatsi, ƙaramin ko tsayuwa ba ya iyawa. Kawu ya buɗe musu rumbun da ya zuba geron gonarsu, bai tambaye ta komai ba. Shi kuwa uban yaran ya tsaya Agiye, aka ce an gan shi yana dako a tasha. Aka aika masa sau da yawa, in ya hango ɗan garinmu sai ya shige cikin kasuwa. Maigidana ya ce taurin kai ne. Kawu ya ce, "Kunya ce. Ta fi taurin kai wuyar magani."

Noman gona biyu ya ci jikin tsohon. Da sanyi ya shigo tari ya kama shi, aka kai shi likita aka dawo, ya kwanta. Ya daina tufka. Amma duk motsin da ya ji a zaure sai ya ɗago kai, in ya ga ba ɗansa ba ne ya gaishe ka da fara'a ya mai da kan. Wannan ɗaga kan ya fi tarin ci mini rai. Na yi ta tara wa taubashina maganganu a cikina, masu zafi, ina gyara su ina wasa su, ina jiran ranar da zan gan shi.

Wata hantsi ya sa aka tara mu, Inna da surukarsa da maigidana da fasto da Ladan. Ya ce, "Ban san ko za ni gan shi ba. In ya zo bayana, roƙona ɗaya. Kada wanda ya ce masa ai an gaya maka. Ya riga ya gaya wa kansa, ya fi ku iyawa."

Kowa ya ce to. Na ce, "Har da ni, Kawu?"

Ya dube ni ya yi murmushi, ya buɗe baki, sai tari ya sarƙe shi. Aka ɗaga shi aka ba shi ruwa, ya koma ya lumshe ido. Bai ba ni amsa ba, ban kuma samu damar sake tambaya ba. Na ɗauka har da ni.

An riga an kai Kawu makwancinsa, ana cikin kwanakin zaman makoki, sai ga taubashina da rana tsaka, da riga ɗaya duk ƙura da jirwayen gumi. Waƙa ta tsaya, taɓarya ta tsaya. Ya durƙusa gaban Inna ya kasa ɗago kai. Mutane kuwa suka cika wa Kawu alkawari har suka wuce gona da iri. Wannan ya ce sannu da hanya, wancan ya gyara masa tabarma. Fasto ya riƙe hannunsa, Ladan ya miƙa masa goro. Maigidana, wanda ya fi kowa zaginsa a bayan ido, shi ne ya kawo masa ruwa da hannu biyu. Ni ma na je na durƙusa na ce, "Sannu, ya haƙuri?" Na ga ya runtse ido kamar na mare shi. Yana zaune a gidan ubansa ana yi masa ladabin baƙo, kuma duk sannun da aka ce masa sai ya ƙara shigewa cikin rigarsa. Na ce a raina wannan ba zai kwana garin nan ba, tasha zai koma.

Na tashi na koma bayan ɗaki wajen murhu, ina tuƙa tuwon baƙi, hayaƙi yana ba ni dalilin hawaye. Sai na ji mutum a bayana.

Ya ce, "Ke ma?"

Ban juya ba.

"Ke ma sannu za ki ce mini? Don girman Allah ki ce wani abu. Kowa ya yafe mini, na rasa inda zan sa kaina."

Na nemi maganganun nan da na daɗe ina wasawa, ko ɗaya ban samu ba. Na ce a raina, Kawu, in har da ni ka yafe mini. Na zare muciya daga tukunya na nuna shi da ita.

"Raggon banza! An tashi duniyar ne ka dawo, ko ƙamshin tuwona ka jiyo tun daga Agiye?"

Ya dubi muciyar, ya dubi tukunyar.

"Tuwonki?" ya ce. "Baiwa, wannan tuwon naki mai gudaji... ai ko a tasha ba a..."

Bai ƙarasa ba. Dariya ta fito masa ta rikiɗe ta zama kuka, ya zube nan gaban murhu cikin toka yana kiran Baba, Baba, da ƙarfi, yadda ya kamata ɗa ya yi. Inna ta jiyo ta taho da gudu.

Ni kuwa na yar da muciya na zagaya da sauri, zanena yana harɗe ni, don in kai labari. Har na ɗaga labulen ɗakin, bakina a buɗe zan ce Kawu, ya rama. Sai na ga tabarmar a naɗe an jingine ta da bango.